Yadda Amurkawa ke gano asalinsu a kundayen coci-coci

Binciken asalin iyali na daga cikin abubuwan da Amurkawa da dama ke shafe shekaru suna yi, musamman masu jin cewa kakanninsu sun isa ƙasar tun kafin ta ayyana 'yancin kanta daga Birtaniya a 1776.

Sai dai wanda ya bi takardun gwamnati kaɗai ba ya yin nisa. A jihar New York, alal misali, sai a wajejen 1880 aka kafa tsayayyen tsarin rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Ƙidayar jama'a ta farko kuwa, wadda aka yi a 1790, sunayen magidanta kawai ta rubuta.

Wannan ne ya sa masu bincike ke komawa ga abubuwa biyu: kundayen coci-coci na zamanin mulkin mallaka, da kuma littattafan tarihin gundumomi masu ɗauke da tarihin rayuwar mutanen yanki.

Abin da ke cikin kundayen

Birnin New York ya soma ne a matsayin New Amsterdam, wani ƙaramin garin kasuwanci da wani kamfanin ƙasar Holand ya kafa a tsibirin Manhattan a shekarun 1620, kafin Ingila ta ƙwace shi a 1664.

An kafa cocin garin a 1628, amma kundayen baftisma da na aure da suka tsira sun fara ne daga 1639.

Kundin baftisma yakan nuna sunan jariri da na mahaifinsa da na shaidu. A shekarun farko sau da yawa ba a rubuta sunan uwa. Ranar da ke ciki kuma ta baftisma ce, ba ta haihuwa ba.

Masana nasaba na bai wa sunayen shaidun muhimmanci ƙwarai, domin galibi kakanni ne ko baffanni ko gwaggonni. Idan sunan mutum guda ya yi ta fitowa a baftismar 'ya'yan wani gida, to akwai alamar dangantaka.

Kundin aure shi ne ya fi amfani ga mai neman tushe, saboda yakan faɗi garin da ango da amarya suka fito, da kuma ko auren fari ne ko an taɓa yi.

Ta irin wannan hanya aka tabbatar da asalin gidan Roosevelt. An yi wa Nicholas, ɗan wani baƙo daga Holand mai suna Claes van Rosenvelt, baftisma a cocin a 1658. Daga 'ya'yansa biyu ne aka sami tsatson shugabannin Amurka biyu, wato Theodore Roosevelt da Franklin Roosevelt.

Ruɗanin suna da kalanda

Babbar matsalar da mai bincike ke fara cin karo da ita ita ce ta suna. Yawancin mutanen Holand na wancan zamani ba su da sunan zuriya tsayayye. Kamar yadda Hausawa ke yi, mutum kan haɗa sunansa ne da na mahaifinsa.

Idan Jan ɗan Pieter ne, sai a kira shi Jan Pietersen. In ya haifi ɗa ya sa masa sunan mahaifinsa, yaron zai zama Pieter Jansen, daidai da yadda Musa Ibrahim ke haifar Ibrahim Musa.

Saboda haka mutane biyu masu suna Jansen ba lallai ne su haɗa jini ba. Sannu a hankali, a ƙarƙashin mulkin Ingila, iyalai suka riƙa ɗaukar suna guda, wasu daga sunan gari, wasu daga sana'a. Akan sami 'yan'uwa ciki ɗaya da suka ɗauki sunaye daban-daban.

Akwai kuma batun kwanan wata. Lardin Holand ya riga Ingila komawa sabuwar kalandar Miladiyya, lamarin da ya sa a ƙarni na 17 ake da bambancin kwana 10 tsakaninsu. Ingila da yankunan da ta mallaka ba su sauya ba sai a 1752, kuma kafin nan sabuwar shekararsu ta hukuma na kamawa ne ranar 25 ga watan Maris.

Littattafan tarihin gundumomi

A 1876, lokacin da Amurka ke cika shekara 100, majalisar dokokin ƙasar da Shugaba Ulysses Grant sun yi kira ga garuruwa da gundumomi da su rubuta tarihinsu. Daga nan kamfanonin ɗab'i suka duƙufa wajen fitar da manyan littattafai masu ɗauke da tarihin manoma da 'yan kasuwa da likitocin kowane yanki.

Littattafan na da amfani, domin sun adana abin da dattawa suka ji daga iyayensu, kamar inda iyali ya taso da shekarar da ya yi ƙaura.

Amma fa sau da yawa mutum kan biya kuɗi ne kafin a sa tarihinsa, kuma shi ke ba da bayanin. Don haka aikin kan yi kama da na maroƙi: wanda ya ba da kuɗi shi ke shan kirari. Ba a cika ganin talaka ko baƙar fata a ciki ba, mata kuwa sai a inuwar mazajensu.

Wasu ma sun mai da abin hanyar damfara. Gustave Anjou, wanda ya mutu a 1942, ya shahara wajen ƙirƙiro wa attajirai nasabar ƙarya, kuma har yanzu ƙagen nasa na yawo a wasu littattafai da shafukan intanet.

Ƙa'idar masana dai ita ce, a ɗauki littafin gunduma a matsayin mai nuna hanya, sannan a nemi tabbaci a takardar da aka rubuta lokacin da abin ya faru, kamar kundin coci ko wasiyya ko takardar fili. Gani, in ji Hausawa, ya kori ji.

Waɗanda alƙalami ya tsallake

Kundayen cocin su ma ba kowa suka rubuta ba, kuma 'yan Afirka ne abin ya fi shafa.

Tun a shekarun 1620 aka kai bayi New Amsterdam, kuma sunayen da aka laƙaba musu, kamar Paulo d'Angola da Simon Congo, na nuni ga inda aka ɗebo su. A 1641 kundin cocin ya rubuta auren Anthony van Angola da Lucie d'Angola.

A 1644 an bai wa bayi maza 11 da matansu 'yanci na rabi da rabi, bisa sharaɗin biyan harajin amfanin gona duk shekara, yayin da 'ya'yansu suka ci gaba da zama bayi.

Daga tsakiyar shekarun 1650 baftismar baƙaƙen fata ta ragu matuƙa. Wani limamin coci, Henricus Selyns, ya rubuta a 1664 cewa iyayen na neman baftismar ce don sama wa 'ya'yansu 'yanci. Rufe wannan ƙofa ya sa zuriya bayan zuriya ta ɓace daga rubutu. Ba a kawo ƙarshen bauta a jihar New York ba sai a 1827.

Wani lokaci takardun kotu ne ke cike giɓin. A cikinsu aka fi samun labarin Anthony van Salee, wanda ake wa laƙabi da Baturke. Ana kyautata zaton ɗa ne ga wani ɗan fashin teku mutumin Holand da ya musulunta ya zauna a birnin Sale na Maroko.

An kore shi daga New Amsterdam a 1639 bayan taƙaddama da limamin cocin garin, ya koma Long Island. Da yake 'ya'ya mata ya bari, sunansa bai ɗore ba, amma masana nasaba na lissafa attajiran gidan Vanderbilt cikin zuriyarsa.

Inda kundayen suke

Wata ƙungiyar binciken nasaba da aka kafa a New York a 1869 ta buga kundin auren cocin a 1890, sannan kashin farko na kundin baftisma a 1901.

Takardun gwamnatin mulkin mallakar Holand kuwa sun gamu da gobara a ginin majalisar jihar da ke Albany a 1911. A 1974 aka fara wani shiri na fassara kimanin shafuka 12,000 da suka tsira, a ƙarƙashin masani Charles Gehring.

A yau ana samun da yawa daga cikin irin waɗannan bayanai a intanet, musamman a shafin FamilySearch na cocin Mormon. Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ma na taimakawa, kodayake dangantaka yake nunawa, ba ya faɗin sunan kaka.

A 1991 ma'aikatan gini suka ci karo da wata tsohuwar maƙabartar 'yan Afirka a Manhattan. A 2003 aka sake binne ƙasusuwan mutane 419 da aka tono, ba tare da an iya gano sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.