Tarihin Wata Ƙa'idar Alwatika da Batun Koyar da Ita da Hausa

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Uƙlidis na Iskandariyya ya tabbatar cewa layin da ya sauko tsaye daga kusurwa mai digiri 90 zuwa gefe mafi tsawo yakan raba alwatika gida biyu, kowane mai siffar uwarsa. Daga nan ake samo tsayin: gefuna 3, 4 da 5 sukan ba da 3×4÷5, wato 2.4. Hajjaj bin Matar ya mayar da littafin Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid. A Nijeriya, Manufar Ilimi ta 1977 ta tanadi fara karatu da harshen gida. A 2025 aka koma Ingilishi. Duk da haka, muna ganin wajibi ne a daidaita kalmomin lissafi na Hausa, domin ɗalibin Zadawa ko Azare ya fahimci hujjar, kada ya tsaya ga hadda.