Tarihin Jirgin Sama: Daga Mafarinsa Zuwa Saukarsa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda yake zaune a ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ya saba da jin rugugin jirgin sama, musamman a lokacin jigilar alhazai daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Wannan bayani ya ƙunshi yadda ɗan Adam ya fara tashi sama, da matsalolin da aka warware kafin jirgi ya samu, da yadda ya iso ƙasar Hausa a 1925, da kuma canjin da ya kawo wa hanyar aikin Hajji. Jirgin sama bai samu a rana ɗaya ba. Mutane da yawa daga ƙasashe daban-daban suka yi ta gwaji na tsawon ɗaruruwan shekaru, wasunsu har suka rasa rayukansu.

Ƙoƙarin farko: kwaikwayon tsuntsu

Tun zamanin da, mutum yake kallon tsuntsu yana sha'awar abin da Allah ya hore masa. A tatsuniyoyinmu ma akwai labarin Gizo da ya ari gashin hankaki ya tashi zuwa bishiyar ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗama ta sa suka ƙwace gashinsu suka bar shi. Mutanen farko da suka gwada tashi da gaske su ma wannan dabara suka bi, wato ɗaura fukafukai a jiki.

Daga cikin waɗanda tarihi ya ambata akwai Abbas ibn Firnas, wani malami masanin taurari da ƙere-ƙere da ya zauna a birnin Ƙurɗuba na ƙasar Andalus, ya rasu a 887. Malamin tarihi Al-Maƙƙari, wanda ya rayu shekaru ɗari bakwai bayansa, ya ruwaito cewa ya ɗaura fukafukai ya faɗo daga wuri mai tsawo, iska ta ɗauke shi zuwa wani ɗan nisa, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka domin bai yi wa kansa jela ba.

Dalilin da ya sa wannan hanya ba ta kai ga nasara ba shi ne, ƙarfin damtsen mutum bai kai ya ɗaga nauyin jikinsa ta hanyar kaɗa fiffike ba. Tsuntsu yana da ƙashi marar nauyi da naman ƙirji mai ƙarfin gaske, mutum kuwa ba a halicce shi haka ba.

Balan-balan mai iska mai zafi

Manomi ya san cewa idan aka kunna wa sassabe wuta, toka da ganye sukan yi sama. Iskar da ta yi zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, shi ya sa take hawa. Da wannan ne wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Joseph da Étienne Montgolfier, 'ya'yan gidan masu sana'ar takarda, suka ɗinka wata babbar jaka ta ƙyalle da takarda, suka hura wuta a ƙarƙashin bakinta, ta tashi sama a watan Yuni na 1783.

A watan Satumba na wannan shekara suka ɗora tunkiya da agwagwa da zakara a cikin kwando aka tashe su a gaban Sarkin Faransa, suka sauko da ransu. Ranar 21 ga Nuwamba 1783 mutum biyu, Pilâtre de Rozier da d'Arlandes, suka tashi a kan birnin Paris, suka yi kamar minti 25 a sama, suka sauka a nisan kilomita 9. Su ne mutanen farko da aka tabbatar sun yi tafiya a sararin sama. Sai dai balan-balan ba ya da linzami. Inda iska ta nufa nan yake zuwa, don haka bai zama abin sufuri da za a dogara da shi ba.

Matsaloli uku na jirgi mai fiffike

Wani Bature ɗan Ingila, George Cayley, shi ne ya fara gane a 1799 cewa ba sai fiffike ya kaɗa ba. Ya raba aikin gida uku: fiffike tsayayye da zai ɗaga jirgi, da wani abu dabam da zai tura shi gaba, da jela da za ta daidaita shi.

Yadda fiffike yake ɗaga jirgi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin iskar farkon damina ta yaye kwanon rufi. Idan iska mai ƙarfi ta bi ta kan abu mai faɗi wanda ya ɗan karkata, takan ɗaga shi. Fiffiken jirgi an yi shi da ɗan doro a sama, an kuma ɗan ɗaga gabansa. Idan jirgi ya yi gudu, fiffiken yakan tura iska ƙasa, matsin iskar da ke samansa ya ragu, na ƙasa ya rinjaya, sai jirgin ya tashi. Wannan ne dalilin da ya sa jirgi yake fara gudu a kan titinsa kafin ya bar ƙasa.

A Jamus, Otto Lilienthal ya daɗe yana nazarin tashin wani babban tsuntsu dangin shamuwa. Daga 1891 zuwa 1896 ya ƙera jirage marasa inji, yana rataya a jikinsu yana sauko wa daga kan tudu, ya yi haka kusan sau 2,000. A watan Agusta na 1896 iska ta kayar da shi, ya rasu washegari. Mutuwarsa ta nuna cewa samun fiffike bai wadatar ba, dole a san yadda za a sarrafa jirgi a cikin iska.

Nasarar 1903

Wilbur da Orville Wright 'yan'uwa ne masu ƙera keke da gyaransa a garin Dayton na Amurka. Sun lura cewa babban tsuntsu idan iska ta karkata shi yakan murɗa bakin fiffikensa ya daidaita. Suka yi wa jirginsu wayoyi da matuƙi zai ja ya murɗa bakin fukafukan, suka haɗa da jela mai juyawa. A 1901 suka ƙera wani dogon akwati da suke hura iska a cikinsa, suka gwada ƙananan fukafukai kimanin 200 don gano siffar da ta fi. Da ba su sami inji marar nauyi a kasuwa ba, sai suka ƙera nasu mai ƙarfin doki 12 tare da makanikensu, suka sassaƙa farfela biyu da katako.

Ranar 17 ga Disamba 1903, a wani fili mai yashi kusa da ƙauyen Kitty Hawk, Orville ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci nisan mita 37. A tashi na huɗu a wannan rana Wilbur ya yi daƙiƙa 59, ya ci mita 260. Wannan shi ne karon farko da jirgi mai inji, mai nauyi fiye da iska, ya tashi da mutum yana sarrafa shi. A shekarar ce kuma, a watan Maris, sojojin Ingila suka shiga Sakkwato.

Daga nan abu ya yi sauri. A 1905 'yan'uwan suka yi tafiyar kilomita 39 ba tare da sauka ba. Ranar 25 ga Yuli 1909 Louis Blériot ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. A 1911 sojojin Italiya suka fara amfani da jirgi wajen yaƙi a Libiya, kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya sa aka ƙera jirage dubbai. A watan Yuni na 1919 Alcock da Brown suka ƙetare tekun Atlantika cikin kimanin awa 16.

Saukar jirgi a Kano

Shekara 22 bayan tashin farko jirgi ya iso Najeriya. Ranar 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Kowane jirgi mutum biyu yake ɗauka, fukafukansa hawa biyu ne, an yi jikinsa da katako da ƙyalle, kuma mazaunin matuƙi a buɗe yake. Suka bi ta Khartum da Al-Fashir a Darfur, da Abeshe, da Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, da Maiduguri, suna sauka suna shan mai. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, a zamanin Sarkin Kano Usman. A Nuwamba na 2025 wannan sauka ta cika shekara 100.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Khartum da Kano, daga baya a shekarar aka miƙa hanyar zuwa Legas. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, an riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Masar. Wannan ya sa aka faɗaɗa filin Kano, wanda shi ne filin jirgi mafi daɗewa a Najeriya. A 1946 aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, a 1958 Najeriya ta sami nata, wato Nigeria Airways, wanda ya daina aiki a 2003. A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya.

Jirgi da hanyar Hajji

Hanyar da jiragen 1925 suka biyo ba sabuwa ba ce ga mutanenmu. Ita ce hanyar gabas da alhazai suke bi a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya, a tsallaka zuwa Jidda. Maniyyaci daga ƙasar Kabi ko Gwandu yakan yi sallama da iyalinsa, ya tafi da jaki ko raƙumi ko a ƙafa, yana yada zango yana noma ko ƙwadago don neman guzuri. Tafiyar kan ɗauki shekaru, wasu kuma ba su dawo ba. Zuriyarsu suna nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wanda ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, da ya yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Daga shekarun 1950 alhazai suka fara tashi daga Kano ta jirgin sama, sannu a hankali hanyar ƙasa ta mutu. Shekaru da dama maniyyatan wannan yanki sai sun je Kano ko Sakkwato kafin su hau jirgi. Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, daga bisani aka inganta filin Ambursa har ya iya karɓar manyan jirage. A watan Mayu na 2024 daga nan ne jirgin farko na alhazan Najeriya na wannan shekara ya tashi. Tafiyar da kakanni suke yi a shekaru, yanzu kimanin awa biyar ce.

Wannan sauƙi bai zo ba tare da rashi ba. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya kwaso alhazai ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zai zo Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna cewa tayar da ba ta da isasshiyar iska ce ta jawo fashewa da gobara. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abin da ya shafi maƙwabtan filin jirgi

Haɗarin Jidda ya nuna cewa ƙaramin sakaci yana iya jawo babbar asara, kuma kiyaye lafiyar jirgi ba aikin ma'aikatan filin kaɗai ba ne. Lokacin tashi da lokacin sauka su ne mafi haɗari, domin jirgi yana kusa da ƙasa kuma ba ya iya kauce wa abin da ya tare shi. Dabba ɗaya a kan titin jirgi ta isa ta jawo haɗari. Tsuntsu idan ya shiga inji yana iya kashe shi, kuma juji da mushe da wurin yanka suna tara ungulu da shirwa. Hayaƙin ƙona daji, musamman idan ya haɗu da hazon hunturu, yana hana matuƙi ganin titi.

Saboda haka ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi su riƙa faɗakar da jama'a kada a yanke wayar shinge, kada a shiga da dabbobi kiwo cikin filin, kada a zubar da shara ko a kunna wuta a kusa da shi, kuma kada a yi gini mai tsawo ko a kafa dogon ƙarfen sadarwa a kan hanyar da jirgi yake bi sai da izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama. Wanda ya ga ɓaraka a shinge ya gaggauta sanar da mai unguwa ko jami'an tsaron filin.