Ƙurji

ƙurji (suna, namiji; jam'i: ƙuraje) Ɗan kumburi da ke fitowa a fata, wani lokaci da mugunya a kansa. *Ƙurajen fuska:* waɗanda ke fesowa a goshi, kumatu, ƙirji ko baya idan maiƙon jiki da matacciyar fata suka toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta suka hayayyafa a ciki. Sun fi damun samari da 'yan mata lokacin balaga, kuma ba ƙazanta ke kawo su ba. Matsa su na barin baƙin tabo mai daɗewa, man bilicin kuwa ƙara su yake yi. Man benzoyl peroxide na taimakawa, amma sai an jure makonni 6 zuwa 8. *Misali:* "Yaya, daina matsa ƙurajen nan, je ki ga likita."