Ƙiyasi da Bambanci: Auna Hawa da Saukar Farashi a Ƙaramar Kasuwar Hannun Jari

Duk wanda ya dubi arzikin da ke fita daga jihar Agadas, tun daga yuraniyom ɗin Arlit da kamfanin SOMAÏR ya soma fitarwa a 1971, har zuwa zinariyar Jado da ta ja dubban samari a 2014, zai yi zaton akwai wata kasuwar hannun jari da ke auna darajarsa. Alhali kuwa Nijar ba ta da tata, sai tarayya da take yi da sauran ƙasashe bakwai na UEMOA a kasuwar BRVM ta Abijan, wadda ta fara ciniki a 1998, inda bankin BOA Niger yake wakiltarta. Mas'alar ita ce, ko mizanin da masana hisabi suka ƙera domin manyan kasuwanni ya cancanci a auna irin wannan da shi.

Asalin mizanin sananne ne. A 1963 Mandelbrot ya lura, daga farashin auduga, cewa babban motsi yakan biyo bayan babba, ƙarami kuma bayan ƙarami. Sa'an nan Engle ya zuba wannan a ƙa'idar ARCH a 1982, Bollerslev ya faɗaɗa ta zuwa GARCH a 1986, ta yadda girgizar jiya za ta zama dalilin kintace girgizar gobe. Amma malaman usulun fiƙihu sun sharɗanta cewa ƙiyasi ba ya inganta sai illar da ke cikin asali, wato dalilin hukuncin, ta tabbata a cikin reshe, illar kuwa a nan ita ce a yi ciniki kullum, farashi ya amsa kowane labari nan take.

A ƙaramar kasuwa wannan illa takan yi rauni. Hannun jari yakan kwana biyu ko uku ba mai saye ba mai sayarwa, a ci gaba da rubuta tsohon farashinsa, ribar kowace rana ta fito sifiri. Mai hisabi ya tara sifirorin nan ya yanke hukuncin natsuwa, alhali shirun rashin ciniki ne, kuma mai neman sayarwa cikin gaggawa shi zai fara ɗanɗana kuɗarsa. Haka nan BRVM ta iyakance motsin farashi ga kashi 7.5 cikin ɗari a yini, saboda haka labarin da ya isa ya kayar da shi da kashi 20 sai ya rarrabu a kwana uku, ƙa'idar kuma ta ɗauki abin da doka ta tsara a matsayin ɗabi'ar kasuwa. Bugu da ƙari, mafi girman hatsari a yankin nan daga hukuncin mahukunta yake zuwa, kamar karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ko takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya hana Nijar biyan basussukanta a kasuwar yankin har aka ɗage shi a Fabrairun 2024. Babu girgizar jiya da ta yi ishara da ɗayansu.

Mai jayayya zai ce to a yar da mizanin baki ɗaya, wannan kuwa wuce gona da iri ne, domin aibin yana gyaruwa: a ɗauki ribar mako ko ta wata maimakon ta yini, a shigar da yawan abin da aka saya cikin lissafi, a ware ranakun da farashi ya taɓa iyaka, a kuma ba aukuwar siyasa gurbinta daban. Abin da gyara ba zai kai gare shi ba shi ne abin da ba ya kan allon tun asali, gama lokacin da aka rufe mahaƙar COMINAK ta Akuta a Maris 2021, ma'aikata da 'yan kasuwar Arlit ne suka ji nauyinsa, ba alƙaluman Abijan ba. Don haka wajibi ne mai bincike ya bayyana haddin hujjarsa, ya faɗi cewa hatsarin 'yan kamfanoni kaɗan ya auna, kada mai karatu ya ɗauka na tattalin arzikin Nijar ne.