Kwamfutar tebur mai mutuwa da kanta: inda ake fara neman ciwon

A ofisoshin magajin gari, da asibitocin CSI, da makarantun CEG, da shagunan buga takardu na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, akwai wata matsala da kusan kowa ya sani: kwamfuta tana cikin aiki sai ta mutu, ko ta sake tashi da kanta, ko ta daskare. A kai ta wajen mai gyara, ya yi mata formate, a biya, bayan kwana uku ciwon ya dawo. To, in har an sake zuba Windows kuma abin bai daina ba, ciwon yana jikin ƙarfen ne, kuma formate ɗari ba zai warkar da shi ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya share jerin sunayen ɗalibai ko rajistar haihuwa da aka yi shekaru ana tarawa.

Saboda haka aikin farko shi ne a kwashe takardu masu muhimmanci zuwa kile ko wani diski na waje, tun na'urar tana iya tashi. Sannan a samu ƴar takarda a riƙa rubuta lokacin da take mutuwa. Da rana tsaka ne? Bayan minti ashirin na aiki? Ko daidai lokacin da aka tada injin walda ko injin niƙa a maƙwabta? Wannan rubutun kaɗai yakan nuna rabin amsar.

A nan yankinmu wuta ce ta farko da za a tuhuma. Kuran ɗin NIGELEC bolt 220 ne, kuma babban layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram yana shigowa ne daga Katsina zuwa tashar Gazawa. Lokacin da Nijeriya ta yanke wannan wuta a watan Agusta na 2023, har zuwa farkon 2024, ofisoshi da shaguna da yawa sun koma kan ƙananan injinan wuta, waɗanda ƙarfinsu ke hawa da sauka, kuma irin wannan wuta ita ke gajiyar da akwatin wutar kwamfuta, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo. Akwatin da ya gaji yakan tada na'ura lafiya lau, sai an ɗora mata aiki ya sake ta. Mai gyara yana iya auna shi da mita: wayar rawaya bolt 12 ce, ja bolt 5, ruwan lemo 3.3, kuma idan ta 12 ɗin ta sauka ƙasa da 11.4 akwai magana. Amma gwajin da ya fi sauƙi shi ne a aro wani akwatin mai lafiya a saka a gani. Kada dai kowa ya buɗe cikin akwatin wutar da kansa, don yana riƙe wuta ko an zare shi daga bango. Wani abin lura kuma: wasu tsoffin kwamfutoci na hannu suna da ƙaramin maɓalli ja a baya mai lamba 115 da 230. Na 115 na wutar Amurka ne. In aka jona shi a haka, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi.

Ondilar, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ita ma a duba ta. Batirinta ba ya daɗewa a cikin zafinmu, kuma ondilar mai mataccen batiri takan kashe kwamfuta duk lokacin da wuta ta ɗan girgiza. A cire ta a jona kai tsaye na yini ɗaya, a gani.

In wuta ta fita daga zargi, sai zafi da ƙura. Alamar a fili take: na'ura tana aiki da safe, tana mutuwa da azahar, fanka tana kuka kamar za ta tashi sama. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana kashe kanta idan zafinta ya kai wajen digiri 100, don kada ta ƙone. A watan Afrilu da Mayu, da zafin waje ke wuce digiri 40, ɗakin kwano ya riga ya ci rabin hanyar. Ga kuma ƙurar hunturu da ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya kamar an shimfiɗa bargo. A zare waya, a buɗe murfin gefe, a fita da akwatin waje a hure shi da na'urar hura iska, ana riƙe da fanka da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a yi mamakin samun gidan zanzaro ko busasshiyar tsaka a ciki, masu gyara sun saba gani. Man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya shi ma yana bushewa ya zama kamar alli. A goge, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya isa. Kuma a ɗauke akwatin daga ƙasa a ɗora bisa tebur, a cire masa zanen rufi in yana aiki.

Idan kuwa fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, ko na'ura na ƙara tin-tin-tin, ko shuɗin allo na yawan fitowa, a je ga baret ɗin RAM. A zare ta, a goge haƙoranta masu ruwan zinariya da gom na fensir a hankali, a mayar har ta ce ƙas. In baret biyu ce, a gwada ɗaya bayan ɗaya. Windows tana da nata gwajin na RAM, akwai kuma MemTest86 da ake bari ya kwana yana aiki; kuskure ko ɗaya ne ya fito, baret ɗin ko raminta ba lafiya.

Kwamfutar da kullum ke manta kwanan wata, tana neman a danna F1, ƙaramin batirinta ne ya mutu, CR2032 mai bolt 3, irin wanda ake samu wajen masu agogo. Diski mai ƙaran ƙwas-ƙwas kuwa ba a gyara shi, canza shi ake. Manhajar CrystalDiskInfo takan nuna ja ko rawaya tun kafin ya mutu.

Uwar kati ce ta ƙarshe. A haska ta da tocila a duba ƙananan gwangwanayen da ke tsaye kusa da ƙwaƙwalwa: samansu ya kamata ya zama shafe. Wanda ya kumbura ko ya tsatso da wani abu ruwan ƙasa ya lalace. Wasu Dell OptiPlex na wajen 2003 zuwa 2005 sun yi suna da wannan ciwo. Mai gyaran rediyo da ya iya dalma yana iya canza su, sai dai a tsohuwar na'ura kuɗin kan kusa kai na wata ta hannu.

A duk waɗannan matakai, abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, a gwada kwana ɗaya ko biyu kafin a wuce gaba. Wanda ya canza akwatin wuta da RAM da diski rana ɗaya ya biya kuɗin uku, alhali ɗaya ne ya lalace. In an kai wa mai gyara a gari ko a Maraɗi, a tafi da takardar lokutan nan, a ce kada ya yi formate sai da izini, kuma a karɓo kayan da ya ce sun mutu. Da damina in hadari ya taso, a zare wayar wuta da ta intanet daga bango gaba ɗaya, don kashe maɓalli kawai ba ya tare tsawa.