Mutumin Da Ya Sayar Da Gidan Da Ba Nasa Ba

Mai karatu, ka taɓa jin an sayar da gida sau biyu a yini guda, kuma wanda ya fara sayarwar ba shi ne mai gidan ba? To, akwai wani ɗan gajeren wasan kwaikwayo da aka gina a kan wannan magana. An fara nuna shi a birnin Paris a shekarar 1931. Sunansa da Faransanci "Villa à vendre", wato gidan sayarwa. Wanda ya rubuta shi Sasha Gitri ne, Faransawa na rubuta sunansa Sacha Guitry. An haife shi a 1885, ya rasu a 1957, ya bar wasanni fiye da 120. Wannan kuwa yana cikin ƙanana. Mutum 5 ne a ciki, ɗaki guda, ba duka ba kisa, ciniki kaɗai. Duk da haka ya yi tafiya mai nisa, har an juya shi da Ingilishi an sa shi cikin littafin karatu na makarantun sakandare a Indiya.

Bari mu fara duba zamanin. A 1931 Nijar tana hannun Faransa. A shekarar nan, bayan fara ta cinye hatsi, yunwa ta kashe mutane da yawa a yammacin ƙasa, ga kuma haraji ana bi. A Paris kuwa biki ake yi na baje kolin ƙasashen da suka mallaka. Amma su ma aljihunsu ba lafiya ba. Kuɗinsu ya faɗi bayan yaƙin duniya na farko, har a 1928 gwamnati ta tsayar da shi a kan kashi 1 cikin 5 na darajarsa ta dā. Dalar Amurka guda tana sayen faran 25 da 'yan kai. Saboda haka Ba'amurke in ya sauka Paris, kome arha yake gare shi. Ga shi kuma a 1930 kamfanin silima na Paramount ya kafa babban wurin aiki a Juwanbil, bakin birnin Paris. Lokacin silima mai magana sabuwa ce, ba a gwanance da ɗora wata murya a kan hoto ba, sai a ɗauki fim guda a sake yinsa da harsuna dabam-dabam, kowane harshe da 'yan wasansa. Unguwar ta cika da baƙi masu kuɗi. Gidan da ke cikin wasan a nan kusa yake. Ka riƙe wannan, domin shi ne gishirin labarin.

Kuɗin da zan ambata faran ne na Faransa na wancan zamani, ba sefa ba, don sefa sai a 1945 aka ƙirƙiro ta. Zan ƙidaya da jika yadda muka saba.

Mai gidan wata mata ce, Juliyet. Ta kafa allon sayarwa wata guda ke nan, ba wanda ya saya. Ta ƙosa, har tana cewa ko da hasara za ta rabu da shi a jika 100. Amma jika 100 ɗin nan ninki biyu ne na abin da ta saye shi. Ka ga irin hasarar mai sayarwa! Sai ga wani mutum, Gaston, da matarsa sun zo dubawa. Matar tana so, shi ba ya so, don ya gane ba don su biyu take nema ba, iyayenta take son ta zaunar. Tun daga ƙofa ya shiga kushe gidan, lambun ya yi ƙanƙanta, ɗakin ba fasali. Juliyet da ta ga masu saye sai ta manta da hasara, ta sa suna jika 250, daga baya ta sauko 200. Gaston ya taya 60, tayin raini. Matan biyu suka hau bene duba sauran ɗakuna, shi ya ƙi hawa.

Yana nan zaune shi kaɗai sai ga wata Ba'amurkiya 'yar silima, Madam Al Simit, ta faɗo a gaggauce. Ta ɗauka shi ne maigidan. Ba ta tambaya ba, shi kuma bai gyara mata ba. Ba ta son ganin ɗakuna, don rushewa za ta yi ta gina nata kusa da wurin aikinta. Kuɗi kawai take son ji. Ya ce jika 300. Ta rubuta takardar banki, ta ce ya cika sunansa da kansa, ta fice. Da matan suka sauko, mutumin da ɗazu ke zagin gida ya koma yabonsa, har yana tuna wa matarsa haƙƙin iyaye. Ya saya a jika 200. Ribarsa jika 100, bai fitar da ko tamma daga aljihunsa ba. Da zai fita ya roƙi a ba shi wani ɗan zane da ke rataye a bango don tunawa, alhali tun farko ya hango sa hannun Koro a jiki, wani mashahurin mai zane da ya rasu a 1875.

Yanzu mu dubi mutanen ɗaya ɗaya. Wanda ya ga wasan sau ɗaya zai ce Gaston ne ɓarawo, saura an zalunce su. A ganina ba haka Gitri ya shirya abin ba. Ba wanda ya faɗi gaskiya a ɗakin nan. Juliyet ta ɓoye ƙosawarta, ta yi ta nuna kamar rabuwa da gidan zai fasa mata zuciya. Matar Gaston ta ɓoye wa mijinta dalilin sayen. Ba'amurkiyar ba ta yi ƙarya ba, amma girman kai ya rufe mata ido. Ta tsaya tana yi wa Faransawa ba'a, wai sun cika duban baya da jan ciniki, su Amurkawa gaba suke dubawa, kuma cikin ba'ar nan aka yanke mata aljihu. Jika 300 a gare ta bai kai dalar Amurka 12,000 ba, shi ya sa ko tayi ba ta yi ba. Gaston bai fi su mugunta ba, ya fi su saurin lissafi ne. Gizo ne da kwat da takalmi. Kuma kamar yadda muke yi wa Gizo, muna dariya muna goyon bayansa, sai an tashi mu tuna cewa a kasuwar Tawa da mu aka yi wa haka da kuka za mu yi.

Akwai ta biyar wadda masu nazari kan tsallake, ita ce 'yar aikin gidan. Uwar ɗakinta na biyanta faran 400 a wata. Masu silima sun ɗauke ta ta fito a matsayin 'yar aiki, faran 100 kowace safiya. Har ta ba uwar ɗakin shawara ta zo ita ma ta fito a matsayin mai dafuwa, tunda ta ga tana cikin matsi. A nan ne zambon ya fi zafi. Baƙon kuɗi ya shigo unguwa, kwana 4 na kwaikwayon aiki sun yi daidai da wata guda na aikin gaske, bara ya koma neman wa ubangijinsa abin yi. Kuma kasuwar ba ta daɗe ba. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka gwanance da ɗora murya, aka daina yin fim guda da harsuna da yawa. Game da zanen kuwa, masana sun san ba mai zanen da aka fi ƙirƙira wa jabu kamar Koro. Wa ya sani, ko Gizo ma an sha shi?

Mu ma muna da namu tarihin na yi wa manya dariya a fili. A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawa ke kwaikwayon sarki da fadawa da masu mulki. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon wa'azin malamai da zancen tuwo. Akwai tashe na watan azumi. A Nijeriya Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da "Zamanin Nan Namu" a 1959 da "Jatau Na Kyallu" a 1960. A nan Nijar, bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 aka raya samariya, aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa ana zagaya manyan garuruwa, kowace jaha da ƙungiyarta ta teyatur. A wancan zamani ne sunan Yazi Dogo ya cika rediyo da talabijin. Mafi yawan wasannin ba a rubuce suke ba, a kan tsara labari, kowa ya sa maganarsa. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta rubuta littafi a kansu a 1987. Bambancin da nake gani shi ne namu yakan ƙare a gaban alƙali ko maigari, a kunyata macuci, a yi gargaɗi. Gitri ya bar macucinsa ya fita da riba yana murmushi. Wasu malamai 'yan'uwana ba su son haka. Ni kuwa ina ganin ya fi tayar da muhawara a aji, don hukuncin da ba a yanke a dandali ba, 'yan kallo ke yanke shi.

Ko a dokar Faransa cinikin Gaston gurgu ne. Tun 1804 kundin dokokinsu ya ce sayar da abin wani ba ciniki ba ne. Malamanmu na fiƙihu ma sun hana mutum ya sayar da abin da bai mallaka ba. Dillali kuwa dabam ne. Dillali kowa ya san shi, mai kaya ya wakilta shi, la'adarsa a fili take. Gaston ya ci ribar dillali ne ba tare da ya ɗauki amanar dillali ba.

To, kai da ke Afala ko wani gari na Adar, ina ruwanka da gidan Paris? Ka dubi yadda muke. Mazanmu suna tafiya biɗa, Abijan, Legas, Libiya, wani shekara 3 bai leƙo gida ba. Kuɗi na zuwa daga nesa, mai su yana gaggawar sayen fili ko gona, bai ga wurin ba, ta waya ake ciniki. Wannan shi ne Madam Al Simit. A gefe guda ga gonar gado da ba a raba ba, ɗan'uwa guda ya rage a gida, yunwa ko bashi ya matsa, ya sallamar da ita kamar tasa ce shi kaɗai. Ko a ba mutum aron gona, ko jingina, shekaru su wuce, shaidu su mutu, 'ya'yansa su sayar. Ga kuma ƙasar makiyaya. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da ita. Burtali da mashaya na jama'a ne, wanda ya sayar maka da su ya sayar da abin da ba nasa ba.

Tun ran 2 ga Maris 1993 Nijar take da dokar karkara, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda ake ce wa Kofo, tun daga gunduma har zuwa ƙauye. A ƙauye maigari ne shugaba. Akwai takarda ta sayarwa, akwai ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina, kowace da sunanta a sama. Wanda bai iya karatu ba, duka kama ɗaya suke a idonsa, ya dangwala yatsa a kan ta sayarwa yana zaton ta jingina ce.

In kana koyarwa a ajin yaƙi da jahilci, wasan nan ba ya bukatar kaya. Tabarma guda, allo guda da aka rubuta "gonar sayarwa", mutum 5. Ka mai da gidan gona a bakin fadama, Ba'amurkiyar ta zama ɗan biɗa da ya sauko daga mota da jakar kuɗi. Kada ka rubuta musu magana, sun fi ka sanin yadda ake tayi da yadda ake cewa albarka. In an zo wurin takarda, ka tsayar da wasan, ka miƙa wa kowa alli, ya rubuta sunan mai sayarwa, da na mai saye, da iyakokin gonar gabas da yamma, kudu da arewa, da sunayen shaidu, da kwanan wata.