Daga Ƙwarya Zuwa Fiyano

'Yan uwana mata, sau da yawa idan hira ta yi daɗi za ki ji iyayenmu na cewa waƙa ta lalace, wai mawaƙan da don gwaninta suke yi, na yanzu kuwa don kuɗi. Ni dai ban yarda da maganar nan duka ba, domin mawaƙin Hausa bai taɓa yin waƙa kyauta ba. Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa ya ci ya sha, doki da riga da hatsi duk daga ubangidansa suke fitowa. Shi kuwa Mamman Shata bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba, duk wanda ya yi masa alheri, sarki ko attajiri ko direba, zai ji sunansa a kalangu, wanda ya ɓata masa kuma ya sha zambo. Wannan bai hana Jami'ar Ahmadu Bello ba shi digirin girmamawa a 1988 ba. To kin ga kuɗi sun daɗe a cikin waƙa. Abin dubawa shi ne, wa ke biya, kuma me yake so a ba shi?

Mu ɗauki namu na mata, wato amada. Ƙore ne ake kifawa, wata a ƙasa wata a kan ruwa, ana kaɗa su da 'yan sanduna a tsakar gida ranar biki ko suna. A Kano an yi Uwaliya Mai Amada, a Funtuwa kuma Hajiya Sa'adatu Barmani Choge. Su wa ke biyan su? Matan da ke zaune a gabansu mana! Kuɗin adashi ne da ribar ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula, a ƙulle a bakin zani. Mace ba za ta kwance wannan ƙulli ba sai an taɓo mata inda ke mata ƙaiƙayi. Shi ya sa Barmani ta yi ta waƙa a kan kishi da haihuwa da zaman aure, tana zaburar da mata su kama sana'a, tana yi wa malalaciya ba'a. Gaskiya akwai waƙoƙinta da ba za ki so a kunna a gaban surukarki ba, an kuma sha yi mata surutu a kansu. Amma ko su ɗin, zancen da mata ke yi ne a tsakaninsu idan maza sun fita.

Ana nan sai fim ya zo. Dama tun zamanin silima irin su Plaza da Marhaba mutanen Kano sun shaƙu da finafinan Indiya. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kafin shekara goma kuma Sangaya ya fito, waƙarsa ta fiyano ta cika gari, har yara a layi sun haddace ta. Daga nan mai biya ya canja. Ɗan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai ko Bata shi ke sayen fim ya buga ya rarraba, shi kuwa ya lura fim mai rawa da waƙa ya fi tafiya. Sai mai shirya fim ya nemi waƙoƙi ko labari bai buƙace su ba, mawaƙi kuma ya ɗauko karin wata waƙar Indiya ya zuba mata Hausa, tunda kunne ya riga ya saba da shi. Fiyano ta ƙara sauƙaƙa lamarin: yaro ɗaya a situdiyo ya wadatar, ba makaɗa biyar, ba ciyar da 'yan amshi. Wani ya rubuta, wata ta rera da siririyar murya, wata daban ta motsa baki a fim. Mai sauraro tana can cikin ɗakinta, ba ta da bakin cewa a sake baiti.

Ba na raina 'yan wannan zamani ba fa. Irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba Allah ya ba su murya, sun kuma ci abinci da ita. Sai dai ita ma kasuwar ba ta ɗore ba. Da satar fasaha ta yi yawa, waya da memori suka zo, sai cinikin kaset da faifai ya mutu, mawaƙa suka koma ga 'yan siyasa da waƙar amarya, wadda sau tari kiɗa ɗaya ne, sunan amarya da ango kawai ake canjawa. A wurin biki kuma DJ ya gaje tabarmar masu ƙwarya.

Barmani ta rasu a watan Maris na 2013. Bayan rasuwarta Ado Gwanja ya yi suna da waƙoƙin bikin mata masu ƙamshin kiɗan ƙwarya, mata suka karɓe shi hannu bibbiyu, kasuwa ta gane ashe har yanzu ana son abin. Amma kiɗan nasa a situdiyo ake haɗa shi, 'yan mata kuma su yanko gaɓar da ta fi daɗin rawa su ɗora a TikTok, sauran baitocin ko oho.